Ki Cire Shi Kafin Asabar

Da Malam Gwadabe ya san abin da bakinsa zai jawo kafin la'asar ta wannan rana, da ya yi zamansa a fadama har faɗuwar rana, ko da tsuntsaye za su cinye shinkafar a gaban idonsa. Tun da ya fito daga gida gabansa yake faɗuwa. Ya ɗora laifin a kan injin ban-ruwa da ya kwana biyu yana tari, amma shi kansa ya san ba inji ne ke cin ransa ba.

'Yarsa ce, Sakinatu.

Mijinta Shu'ibu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kano. Ta gama takaba, ta dawo gidan ubanta da 'yar ƙaramar 'yarta. Kowa a unguwa ya ɗauka maganar a ƙare take: Muttaka, ƙanin marigayin, shi zai maye gurbin wansa, yarinya ta tashi a cikin dangin ubanta. Gwadabe ma haka ya so. Gonarsa da ta su Muttaka iyaka ɗaya suka haɗa, ruwa ɗaya suke ja daga kogi, ya san yaron tun yana rarrafe.

Sai Sakinatu ta shiga ajin mata da ake yi bayan azahar a makarantar firamaren unguwarsu a nan Haɗeja, don ta sake zana jarrabawar Turancin da ta kayar da ita tun tana budurwa. A can ta haɗu da malamin ajin, Abdulmannan, mutumin Jahun, saurayi da bai taɓa aure ba.

Bazawara ba a yi mata dole, wannan Gwadabe ya sani. Matarsa Gumsu ta yi ta lallashinsa har ya yarda magabatan Abdulmannan su zo ranar Juma'a mai zuwa. Da baki ya yarda, zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya kuma ji cewa can Jahun ma da ƙyar uwar yaron ta amince, don ita budurwa take so wa ɗanta, ba mai goyo ba.

Yana tsugune yana cire ciyawar kacala daga bakin hanyar ruwa ya ji ƙarar babur. Muttaka ne. Ya kashe injin daga nesa, ya tako a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya tambayi ruwa, ya tambayi tsuntsaye, ya tambayi mutanen gida, sannan ya shiga wasa da wayarsa.

"Baba, akwai maganar da na kwana da ita. In na faɗa, a ce kishi ne. In na yi shiru, na ci amanar Yaya Shu'ibu."

Gwadabe ya wanke hannunsa a ruwan, ya goge a jikin riga, ya ce ya faɗi.

Muttaka ya miƙo masa wayar. Hoton saƙo ne guda biyu. Na sama da sunan Sakinatu, da Turanci. Gwadabe ya gama firamare, ya ɗan taɓa sakandare kafin ubansa ya mayar da shi gona, don haka ya sa yatsa yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi.

*I am expecting since three months and my father does not know.*

Ya gane wata uku. Ya gane uba. Ya gane bai sani ba. Kalma ta uku ce ta tsaya masa.

Saƙon ƙasa kuwa da Hausa yake, da sunan Malam Abdulmannan: *Sakinatu, wannan ba zai zauna ba. Ki cire shi kafin Asabar, tun bai kai gaban mutane ba.*

"Wannan kalmar fa?" in ji Gwadabe, muryarsa ta yi ƙasa.

Muttaka ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ba zai iya faɗa da bakinsa ba, amma ita ce ake rubuta wa matan da ke zuwa awo a asibiti. Ya ce ƙanwarsa Shamsiyya, wadda aji ɗaya suke da Sakinatu, a wayarta ya gani. Ya roƙi Baba ya yi haƙuri, ya kuma sani cewa ko a haka shi bai fasa ba, zai rufa wa matar wansa asiri in an ba shi ita.

Gwadabe ya mayar masa da wayar. Ya bar injin yana aiki, ya hau kekensa.

A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa ƙarya ce. Yarinyar nan ba ta taɓa sa shi magana ba. Amma zuciya ta fara kawo masa shaidu. Makon jiya ta kwanta zazzaɓi, har da amai. Yau ma ta ce ba za ta je aji ba, wai jiri take ji. Kwanan nan in ya shigo sai ta kife wayarta a kan tabarma.

Da ya shigo gari, maimakon ya nufi gida sai ya tsaya a kemis ɗin Musa, abokinsa tun na yarinta. Ya sayi maganin ciwon kai da ba ya buƙata. Ya juya zai tafi, sannan ya dawo kamar abin yanzu ya faɗo masa, ya tambaya, wai a rediyo ya ji, idan mace ta ce *I am expecting*, me take nufi?

Musa ya yi dariya har da buga kanta. "Juna biyu ke nan, Malam. Ko Gumsu ce za ta yi mana auta da furfura? Ka faɗa da wuri mu fara tara kuɗin rago."

Gwadabe ya yi ƙoƙarin murmushi, abin ya ƙi. Ya fito rana tana tsakiyar ka, masu Keke Napep suna ta yi masa hon, bai ji ba. Ya yi sallar azahar a masallacin bakin titi, bai san abin da ya karanta ba.

Da gida ya wuce, da abin ya zo da sauƙi. Amma makarantar a kan hanyarsa take.

Ajin a cike yake da mata, sun matsu a kan bencinan yara, wasu da goyo. Abdulmannan yana gaban allo yana ja wa wata jimla layi. Da ya hango shi ta taga sai ya ajiye alli, ya fito da sauri, ya durƙusa a barandar yana gaishe shi, farin alli duk a yatsunsa.

Gwadabe bai amsa gaisuwar ba.

"Na ba ka 'yata ka koya mata karatu. Na buɗe maka zaurena. Na ƙi ɗan da na sani saboda kai. Abin da za ka saka mini da shi ke nan?"

"Baba, me ya faru?"

"Ni kake tambaya? Me ka ce ta cire kafin Asabar?"

Ajin ya yi tsit. Gwadabe ya ga fuskar yaron ta canza. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya waiwaya ya dubi tagar, inda kawunan mata suka jeru, ya rufe bakin. Da ya sake magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"Don Allah, Baba, mu matsa daga nan. Mu je bayan ajin in nuna maka. Ba a nan ba."

A kunnen Gwadabe wannan amsa laifi ne. Wanda bai yi ba, me zai hana shi rantsuwa a gaban kowa? Ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba a bainar jama'a. Ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidansa. Ya ce ya aika Jahun ya gaya wa magabatansa su yi zamansu, ba shi da 'yar da zai ba su. Ya ce tsakaninsa da shi sai Allah ya isa.

Abdulmannan yana nan durƙushe, bai ɗago ba. Daga cikin ajin wata jaririya ta fara kuka.

A gida ya tarar da Gumsu tana tsince shinkafa a faifai. Sakinatu tana kwance a tabarma a inuwar darbejiya, 'yarta tana barci a gefenta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka tun ranar sunanta bai taɓa kiran ta da shi ba. Uwata yake ce mata, ko yana fushi.

"Sakinatu."

Faifan ya tsaya a hannun Gumsu. Sakinatu ta tashi zaune da sauri, ta jawo mayafi, tana kallonsa kamar baƙo ne ya shigo.

Ya ce su shiga ɗaki. Ya zauna a bakin gado, ita ta durƙusa a ƙasa, Gumsu ta tsaya a bakin ƙofa. Ya so ya yi tsawa, bai iya ba.

"Wata uku. Kina cin tuwo a gidana, kina gaishe ni safe da yamma, wata uku ban sani ba. Ni me na yi miki? Na hana ki shi ne? Ba Juma'ar nan za su zo ba? Me ya hana ki jira?"

"Baba, wane wata uku?"

"Kada ki mayar da ni yaro. Turancina kaɗan ne, amma na tambaya an gaya mini. Kuma abin da ya ce ki cire, ai da Hausa ya rubuta."

Ta zuba masa ido. Ya ga lokacin da maganar ta isa gare ta, don hannunta ya tafi bakinta, idanunta suka cika. Ba ta yi kururuwa ba. Hawaye ne kawai suka fara zuba, ta kasa tsayar da su.

"Ciki, Baba? Ni? Kai ka yarda?"

"Na gani da idona."

"Ka ga rabi."

Ta tashi ta ɗauko wayarta. Ta dawo ta durƙusa kusa da gwiwarsa, ta nuna masa. Zauren ajinsu ne na waya, mata sun fi talatin a ciki, kowace tana turo jimlolin gajeren labarin da malam ya sa su rubuta, wanda za su karanta a gaban iyaye da mazaje ranar Asabar. Nata labarin na wata 'yar masunci ne a ƙauyen Baturiya, wadda saurayinta ya tafi su can tafkin Chadi ya daɗe bai dawo ba, ita kuma kullum tana zuwa bakin ruwa tana duban jirage.

Ta ja allon wayar sama. Ga jimlolinta a jere, ga gyaran malam a ƙarƙashin kowace. Inda ta rubuta *borrow me your canoe*, ya ce mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa ne yake *borrow*, Hausa ce ta haɗa su a aro ɗaya. Inda ta ce kogi *has full*, ya mayar da shi *is full*. Inda ta kira yarinyar *he*, ya tambaye ta cikin wasa ko 'yar masuncin ta zama namiji ne a tsakiyar labari.

Sannan ga jimlar da Muttaka ya nuna masa. Ga saƙon a cire. Ga kuma wani saƙon a ƙarƙashinsa, wanda babu shi a hoton. Ta karanta masa, tana tsayawa tana haɗiye kuka.

*Na san abin da kike nufi, tana sa ran dawowarsa. Amma a Turanci in mace ta ce* expecting *ta yi shiru ba ta faɗi abin da take jira ba, ciki ake ɗauka tana da shi. Kin yi wa 'yar mutane sharri ba ki sani ba. Kuma* since *ba ya tafiya da adadin watanni,* for *ake sa wa. Ki rubuta:* I have been waiting for three months.

"Kalma ce, Baba," in ji ta. "Kalma ya ce in cire. Sa rai na duba a ƙamus, ita na gani, na ɗauka."

Gwadabe ya karɓi wayar. Ya sa yatsa ya bi saƙon da kansa, daga farko har ƙarshe, ya sake komawa. A ƙasa akwai amsoshin matan ajin, fuskokin dariya a jere. Sakinatu ta nuna masa ɗaya. Shamsiyya ce, ta rubuta cewa Allah ya raya abin da 'yar masunci za ta haifa.

Wato a gidan su Muttaka an san wasa ne.

Gumsu ta saki salati a hankali. Ta tambaye shi wa ya kawo masa maganar, ya faɗa. Ta tambaye shi ko ya gaya wa wani. Ya kawar da kai, ta matso cikin ɗakin.

"Malam, ina ka biya kafin ka shigo?"

Ya gaya musu. Bai rage komai ba: barandar, tagar, matan, Allah ya isan. Yana magana yana kallon ƙafafunsa da taɓon fadama ya bushe a kansu.

Sakinatu ta zame ta zauna daɓas. Yanzu kukan ya fito da sauti.

"A gaban ajin? Baba, matar ƙanin babarsa tana cikin ajin nan. Ita ce idon Hajiyarsa a Haɗeja. Wata nawa ya yi yana roƙon tsohuwar nan, tana cewa bazawara ba a san abin da ta saba ba. Yanzu ubana da kansa ya je ya tabbatar mata."

"Ai matan sun san labari ne. Sun ga gyaran."

"Sun ga gyaran, sun kuma ga ubana yana Allah ya isa. Wanne kake jin za a kai Jahun? Za su ce da babu wani abu, uba ba zai yi haka ba."

Sai yanzu ya gane abin da ya sa yaron ya dubi taga ya rufe bakinsa. Da ya yi bayani a wurin, dole ya haɗa sunan Sakinatu da kalmar ciki a gaban mata talatin. Ya zaɓi ya sha zagin a durƙushe.

"Me ya sa kike kife wayar in na shigo?" ya tambaya, ba don yana zargi ba, sai don ya rasa abin faɗa.

Ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce so take sai ranar Asabar ya ji, yana zaune a cikin iyaye, ta tashi ta karanta shafi biyu da Turanci ba ta yi tuntuɓe ba. Ta ce tun ranar da sakamakonta ya fito ba Turanci, ya ninke takardar ya sa a aljihu bai ce komai ba, abin yake ranta.

Gwadabe ya miƙa mata wayarta.

"Uban nan na cikin labarin, wanda bai sani ba. Ni ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Me ban sani ba, Uwata?"

"Baba, kullum kana cewa Muttaka ɗan gida ne. Ni ba ƙin sa nake don mugunta ba, ko kafin yau. Muryarsa irin ta Shu'ibu ce. Tafiyarsa, tarinsa, yadda yake ajiye takalmi. In na aure shi, gidan nan zan koma, ɗakin da aka shigo mini da gawa yana kallon nawa. Kullum zan ji sallamar mamaci a bakin ƙofa. Na kasa gaya maka, don na ga yadda kake son abin. Shi kuwa Malam Abdulmannan, in yana magana ba na tuna kowa. Shi kaɗai nake ji."

Gumsu ta juya baya tana share ido. Gwadabe ya miƙa hannu ya dafa kan 'yarsa, abin da rabonsa da yi tun tana 'yar firamare. Ya so ya ce ta yafe masa, bakinsa bai saba ba. Abin da ya iya cewa shi ne ta kira yaron.

Ta kira. Wayar a kashe. Ta sake kira, haka. Ta rubuta masa saƙo, suka zuba wa wayar ido su uku, saƙon bai shiga ba.

Ya miƙe ya ce shi zai je da ƙafarsa. A gaban mutane ya ci mutuncinsa, a gaban mutane zai ba shi haƙuri, ko da zai durƙusa ne a barandar nan. Gumsu ta ce ya canza riga tukuna, bai saurare ta ba.

Makarantar a rufe ya same ta. Maigadi ya ce malam ya sallami ajin tun kafin lokaci, matan sun fita suna ƙus-ƙus. Ya kwatanta masa gidan da yake haya a bayan kasuwar kifi. Gwadabe ya tura kekensa cikin lunguna, warin banda yana bin sa, yana tambaya har ya samu.

Ƙofar ɗakin da kwaɗo. Wani tela da ke ɗinki a zauren gidan ya ce malam ya dawo ba ya cikin hayyacinsa, bai daɗe da shiga ba aka kira shi a waya. Daga yadda yake amsawa, na'am Hajiya, to Hajiya, ya san mahaifiyarsa ce. Ya fito da 'yar jaka, ya tari babur zuwa tasha.

"Bai bar saƙo ba?"

"Bai bari ba, Baba. Na ce masa sai yaushe, ya ce sai yadda ta yiwu."

Gwadabe ya garzaya tasha. Motar Jahun ta tashi, in ji ɗan kamasho, ta ma yi nisa. Ya tsaya riƙe da kan keken, ana kiran la'asar, fasinjoji suna ratsa shi ta ko'ina. Gida zai koma yanzu, Sakinatu za ta ɗago kai ta dubi fuskarsa tun daga bakin zaure.

Ba shi da abin da zai gaya mata. Ko Abdulmannan ya tafi Jahun ne ya tsaya wa maganarsu a gaban mahaifiyarsa, ko ya tafi ne ya isar da saƙon da shi Gwadabe ya ba shi, cewa magabata su yi zamansu, wannan bai sani ba.